Shekara biyar ban cire hula a gaban mutane ba

Ranar Babbar Sallah ta 2016 ne. Na durƙusa a tsakar gidanmu a Marwa, arewacin Kamaru, ina fiɗar rago, na cire hula na rataye a reshen darbejiya don kada jini ya ɓata ta. Ƙanena na tsaye a kaina da waya, ya ɗauki hoto ya tura wa 'yan uwa a WhatsApp don su ga kitsen ragon. Da daddare da na buɗe hoton, idona bai sauka kan rago ba. Wani fili na gani a tsakiyar kaina, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, fata na ƙyalli ta tsakanin 'yan siraran gashi. Na daɗe ina kallo kafin na yarda kaina ne. Shekarata 33 a lokacin.

Tsakiyar kai wuri ne da mai shi ba ya gani. Wanda sanƙo ya faro masa ta goshi, kullum madubi na shaida masa, yana sabawa a hankali. Mu na tsakiya kuwa kowa ya riga mu sani: wanzami ya sani, matarka ta sani, wanda ke bayanka a wurin alwala ya sani. Washegari na tambayi wanzamina, dattijon da ke aske ni tun ina makarantar allo. Ya ce, "Ɗana, ai ya fi shekara biyu da farawa. Na ga ba ka tambaya ba, shi ya sa na yi shiru." Sai ya ƙara da abin da kowa ke faɗa, wai sanƙo alamar arziki ce.

Na san wani zai ce, mutumin da ke yawo da hula tun asuba har isha'i, me ya dame shi da gashi? Hular da kake sawa don ado da mutunci daban, wadda kake ɓuya a ƙarƙashinta daban, ko da ɗinkinsu ɗaya. A watan Afrilu zafin Marwa yakan haura digiri 40. Maƙwabtana a kasuwa sukan cire hula su ɗora a gwiwa, su zuba ruwa a ka. Ni ina zaune gumi na bin wuyana, hula na nan daram. Alwala a gida nake yi kafin in fita, in kuma ta karye a kasuwa sai in nemi lungu, in cusa jiƙaƙƙen hannu ƙarƙashin hula in shafa da sauri. Ƙwallon da muke bugawa da safiyar Lahadi a rairayin Mayo Kaliyawo idan ruwa ya janye, na bar ta, na ce gwiwa ke damuna. Har tuwo da hula nake ci. Wata rana matata ta ce, "Alhaji, ko a ɗakinka ma? Ni ce fa." Ban amsa mata ba, don ban san ta inda namiji zai buɗe baki ya ce gashi ne ya hana shi sukuni ba. A wurinmu ana tausaya wa mai ciwon ciki, ana jajanta wa wanda ya yi asara a kasuwa. Wannan kuwa in ka faɗa, sai a ce ka rasa abin damuwa.

Shekara biyu na yi ina bin magungunan gida da na kasuwa. Ruwan albasa, wadda Allah ya hore mana ita a Marwa, man darbejiya, man habbatus sauda, man kaɗanya da aka kwaɓa da wani gari. Dakakkiyar tafarnuwa ta ƙona mini fata har ta sale. Wata kwalba da na saya hannun masu talla da lasifika ta kumbura mini kai kwana huɗu. Ba na raina maganin gida, yana taimaka wa mai bushewar fata. Amma duk wanda ya ce yana da man da zai tsirar da gashi a fatar da ta riga ta yi santsi, kuɗinka yake so.

Sana'ata sayar da tufafi ce, abayoyi da kayan yara, don haka nakan sauka Yawunde in kwana biyu a unguwar Briketeri kafin in wuce Istanbul saro kaya. A 2018 na daure na je wurin wata likitar fata, kuma ita ta fara yi mini bayanin da ya zauna a kaina. Ta ce jikin namiji yana juya wani kaso na sinadarin testosterone zuwa wani da ake kira DHT. Wanda ya gaji sanƙo, ta wajen uwa ko ta wajen uba, saiwoyin gashin goshinsa da na tsakiyar kansa ba sa jure wannan sinadari. Duk gashin da ya zube, wanda zai maye gurbinsa sai ya fito ya fi shi siranta da gajarta, a haka a haka har ya koma kamar na jariri, daga nan wurin ya daina tsiro. Na ƙeya da na gefen kunne kuwa ba ruwansu da DHT, shi ya sa za ka ga tsoho ɗan tamanin kansa tal, ƙeyarsa cike. Na tuna Baba, na tuna Kawu, dukansu haka suke. Ta nuna mini zanen matakai bakwai da ake kira ma'aunin Norwood, ta sa yatsa tsakanin na uku da na huɗu.

Ta rubuta mini minoxidil mai kashi 5 cikin ɗari, a shafa safe da dare, da ƙwayar finasteride miligiram 1 kullum, mai rage DHT ɗin. Ta ce in yi wata shida zuwa shekara kafin in ce ya yi ko bai yi ba, kuma da farko zubar na iya ƙaruwa. Wannan gargaɗin ta kunne ya shiga ta kunne ya fita. Da na ga gashi ya yawaita a matashin kai a mako na biyar, ga shi na karanta a takardar cikin kwali cewa ƙwayar kan rage wa wasu maza sha'awa, sai na zuba su duka a durowa. Wannan laifina ne, ba na kowa ba, kuma har yau ina jin ciwonsa. Gashin da na rasa a shekara da rabi da suka biyo baya, da yawansa da yana nan.

Duk mai zuwa Istanbul saro kaya ya san abin da zan faɗa. A Laleli, a Aksaray, a filin jirgi, sai ka ga maza da kai a aske, jawur da ɗige-ɗige, an ɗaura musu baƙin ƙyalle a goshi, Larabawa da Turawa, suna harkarsu ba kunyar kowa. Na tambayi mai aika mana kaya, ya ce dashen gashi aka yi musu. Tun daga ranar maganar ta kama ni.

Kafin in taɓa kuɗi sai da na je wurin Modibbon unguwarmu, bayan sallar isha'i da mutane suka watse. Na ce, "Allah gafarta Malam, wata tambaya ce mai nauyi a bakina." Abin da ke tsorata ni shi ne hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa, da kuma maganar canza halittar Allah. Ya saurare ni har na gama, bai yi ko murmushi ba, kuma ba zan manta masa wannan ba. Ya tambaya, gashin wa za a sa maka? Na ce nawa, daga ƙeya. Ya ce to wannan mayar da abin da ya tafi ne, yana cikin babin magani. Ya kawo hadisin mutum uku na Banu Isra'ila, kuturu da mai ƙora da makaho, inda mai ƙora ya roƙi kyakkyawan gashi kuma aka ba shi. Daga baya na gano Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na 2007 a Maleziya, ta sa dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin ayyukan da suka halatta. Ya dai gargaɗe ni kada in ci bashi dominsa, kada kuma in tauye haƙƙin iyali.

A ƙarshen 2019 na tafi da niyyar in dawo da sabon kai. Wani dillali da muka yi ta magana a WhatsApp ya duba hotuna uku kawai ya ce dashe 5,000 za a yi mini, wato saiwoyin gashi 5,000, wurin zai rufe ruf, ga otal ga mota. Na tura kafin alƙalami. Da na isa sai na tarar da mu wajen goma a layi, likita ya leƙo kaina bai fi minti biyar ba, sauran aikin duk na ma'aikata ne. Na tambaya ta bakin tafinta ko sun taɓa yi wa mai irin gashinmu. Aka ce gashi duk gashi ne. Jikina ya yi sanyi. Ni ɗan kasuwa ne, na san muryar mai son ya sallame ka da wuri. Na ɗauki jakata na fita, kuɗin da na tura suka tafi.

Wani ɗan kasuwar Njamena da muka haɗu a ofishin aika kaya shi ya cire hularsa ya nuna mini nasa, ya kwatanta mini wurin wani likita. Wannan likitan ya zaunar da ni kusan awa guda. Ya bi kaina da gilashi mai ƙara girma, ya ƙirga, ya auna. Abin da ya fara faɗa shi ne babu wanda ke ƙirƙirar gashi, ɗauko shi ake yi daga wani wuri a kai wani. Tun 1959 wani likita a New York, Norman Orentreich, ya nuna cewa saiwar ƙeya tana tafiya da halinta duk inda aka kai ta, shi ya sa dashen ke zama. Amma ƙeya rumbu ce mai iyaka, ramin da aka cire wa saiwa ba ya sake tsiro. A nawa kan ya ƙiyasta abin da za a iya cirewa har ƙarshen rayuwata, ba tare da ƙeyar ta yi fili ba, bai fi 5,500 ba. Nan na gane abin da na tsallake: da na kwanta a wancan wurin, da rana ɗaya an kwashe rumbun kusan duka.

Sai ya zo kan tsakiyar kai, ya ce ita ce wurin da ya fi cin dashe. Da'ira ce, in ta ƙara faɗi kaɗan filin cikinta ya ƙaru da yawa. Gashin wurin kuma ba ya kwanciya gefe guda ya rufe ɗan uwansa kamar na goshi, kewayawa yake yi kamar 'yar guguwa, kowanne ya nufi nasa ɓangaren, don haka fata ta fi saurin bayyana. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da ya zana mini a takarda: in aka cike tsakiya yau, sanƙon kuma ya ci gaba da cin gefe, nan da shekara biyar zan wayi gari da tsibirin gashi a tsakiya, zoben fata ya kewaye shi. Kuma goshina ma ya fara ja da baya, wata rana zai nemi rabonsa.

Game da irin gashinmu, ya ce murɗewar da muke gani a waje har cikin fata take. Saiwar a lanƙwashe take kamar ƙugiya, wanda bai saba ba sai ya yanke ta rabi wajen cirewa, ta lalace a banza. Amfaninmu kuwa shi ne murɗaɗɗen gashi ya fi rufe fata, kaɗan sai ya yi kamar mai yawa. Ya tambaya ko ciwo na yi mini tabo mai tudu, irin wanda ke kumbura ya wuce inda aka ji ciwon, domin ya fi yawa a baƙar fata, kuma mai shi bai kamata a huda masa kai sau dubbai ba. Na buɗe masa bayana ya ga tabon ƙahon da wanzami ya yi mini, duk sun kwanta lafiya. Ya duba ƙeyata ko akwai ƙurajen nan masu tauri da aski ke tayarwa, babu. Bayan duk wannan sai ya ce ba zai yi mini aiki yanzu ba. In koma kan maganin da na watsar, in yi shekara, a ga inda zubar ta tsaya.

Raina ya ɓaci sosai. Na biya jirgi, na yi asarar kafin alƙalami, an kuma ce in koma gida da kwalba. Na dawo Marwa ina cewa zan nemi wani wurin. A watan Maris na 2020 aka rufe iyakokin Kamaru saboda korona, kasuwa ta tsaya, shekara ɗayan ta zama biyu. A wannan zaman ne na zauna da matata na faɗa mata komai, har da tsoron da nake yi wa ƙwayar. Ta ce, "Alhaji, ka sha. In mun ga canji ka daina, ka koma wurin likita." Ni dai ban ga wani canji ta wannan fannin ba, amma na san akwai waɗanda suke gani, don haka ba ƙwayar da za a saya a tebur ba ce. Da ta samu ciki sai na mayar da kwalin shago, saboda an hana mai ciki taɓa ƙwayar da ta fashe, tana iya cutar da ɗan tayi namiji. Duk farkon wata tana ɗaukar hoton tsakiyar kaina a wuri ɗaya, da haske ɗaya. Zubar ta tsaya. Gefen da'irar ya yi kauri, ta ɗan tsuke.

Disambar 2021 na koma. Aka tsayar da dashe 2,200. Kuɗin aikin Yuro 2,000, wato sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da 'yan kai, ban da jirgi da biza da masauki. Kuɗi ne masu nauyi a wurina, sai da na yi shekara biyu ina ware su kaɗan kaɗan.

Hanya biyu ake bi. Akwai wadda ake yanko ɗan siririn yankin fata daga ƙeya a ɗinke, sannan a rarraba saiwoyin, tana barin tabo dogo kamar layi. Akwai wadda ake kira FUE, ita ce ake cire saiwa ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan bututu mai kaifi, faɗin bakinsa wajen milimita ɗaya. Ita aka yi mini, saboda mu masu gajeren aski ne. Da safe aka ɗibi jini aka gwada, aka aske ni ƙwal, likita ya zana da'irar da alƙalami ya nemo cibiyar guguwar. Allurar kashe zafi ita ce wuyar aikin, minti goma da na riƙe gefen gado ina salati. Bayanta ban ƙara jin ciwo ba, sai ƙarar inji da motsin hannu. Na kwanta rub da ciki awa uku ana cira, ana jera saiwoyin cikin ruwa mai sanyi, an ware masu gashi ɗaya, masu biyu, masu uku. Sannan likita da kansa ya huda ramukan, kowanne da karkatarsa, yana bin yadda gashin wurin ke kewayawa tun asali. Mata biyu suka zauna suna sakawa ɗaya ɗaya har bayan la'asar.

Ina kwance a wurin sai gonar kakana ta faɗo mini. Kakana na wajen uwa manomin masakwa ne, dawar rani da ake dasawa, a karal, baƙar lakar nan ta wajen Salak. Idan damina ta ɗauke, wajen Oktoba, sai a tugo irin daga inda aka yafa shi, a datse ganyen, a rage saiwar. Babban mutum na gaba da gungumen sanda mai tsini yana huda ƙasa, mu yara muna binsa da ruwa muna zuba wa kowane rami, na bayanmu na saka tsiro bibbiyu. Ba a ƙara ba ta ruwa, danshin da lakar ta riƙe shi za ta sha har a girbe ta cikin sanyi. Kakana ba ya barin a tuge wurin yafi da garaje, yakan ce wanda ya karya iri a tuga ba shi da abin da zai sa a rami. Abin da ake yi a kaina ke nan, ba bambanci, sai dai ni wurin yafina ba a sake shuka shi baɗi.

Kwanakin farko sun fi aikin wuya. Ƙeya ciwo, tsakiya ba a taɓawa, to ta ina za ka kwanta? A kishingiɗe na yi barci da matashin wuya. An hana ni sunkuyawa saboda kumburi da jini, kwana uku ina sallah a zaune da ishara. Maganar shafar kai kuwa, da yake mu Malikawa kai duka muke shafa, tun kafin in taso na tambayi Modibbo ya faɗa mini yadda zan yi a kwanakin da ruwa da hannu ba sa zuwa wurin. Duk mai niyyar tafiya ya yi wannan tambayar tun yana gida. Rana ta uku suka wanke mini da kumfa, suka koya mini yadda zan riƙa yi, a ɗora a hankali ba cuɗawa.

Sai aka zo kan hula. Likita ya ce irin tamu mai kama kai, bakinta na zama daidai kan ramukan ƙeya, samanta na gogar dashen, in ajiye ta mako biyu aƙalla. Suka ba ni wata sakwarkwatacciya ta tare rana. Ban taɓa kawo wannan a lissafina ba. Na sauka Yawunde, na hau jirgin ƙasa na dare zuwa Ngawundare, na kwana a zaune don kada kaina ya taɓa komai. Da safe na shiga motar Garwa, zafi ya taso, gumi ya fara cin ramukan, dole na cire har sakwarkwatacciyar. Ga ni a tsakiyar mota cike da mutane, kai a buɗe, duk ɓawon ciwo. Wata tsohuwa a bayana ta taɓa kafaɗata ta ce, "Sannu ɗana, haɗari ka yi?" Ƙarya ta zo har bakina. Na ce, "A'a Goggo, sanƙo gare ni, na je an dasa mini gashi." Ta ce, "Ikon Allah. Allah ya sa ya kama." Shi ke nan abin da ta faɗa. Tun ranar hoton ragon ban taɓa furta kalmar sanƙo a kaina a gaban baƙo ba sai ranar. Da muka kusa Marwa, gonakin masakwa shar a dama da hagu cikin busasshiyar ƙasa, na jingina goshina da kujerar gaba hawaye na zuba, ban ma damu da wanda ya gani ba.

Juma'ar farko da kai a buɗe na je masallaci. An kalle ni, wasu samari sun yi dariya. Hamma, babban wanmu, ya same ni a gida ya ce, "Kuɗin nan da marayu ka ba, da ya fi maka." Maganar ta soke ni, kuma ban ce ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Na ce masa ban ci bashi ba, ban rage wa kowa abinci ba, kuma shekara biyar ina ɗauke da abin da bai sani ba. Ya yi shiru, bai dai yarda ba har yau. A cikin watan nan mutum huɗu suka zo shagona, kowanne shi kaɗai, kowanne sai ya bari ba kowa sannan ya ɗaga hularsa ya ce in duba masa. Ɗayansu dattijo ne da nake gaisarwa a durƙushe.

Na zaɓi Disamba don gudun zafi, na manta da ƙurar hunturu. Ruwan wanka sai an tafasa ya huce, in zan fita rana sai da malfa irin ta makiyaya. Ɓawon ya gama zuba wajen kwana goma sha biyu, wurin ya yi kyau da 'yan gajerun gashi, na fara murna. A mako na huɗu suka fara zubewa. Kafin wata biyu tsakiyar kaina ta koma fili, har ta fi da muni, saboda wasu daga tsofaffin gashin wurin ma sun bi su. An faɗa mini haka za a yi, gashin ne ke faɗuwa saiwar na nan a ciki tana hutawa, amma ji daban gani daban. Na daina cin abinci sosai. Dada, mahaifiyata, ta zo duba jikokinta ta same ni a haka, ta sa na sunkuya ta duba. Ta ce, "Kai da ka yi dashe a gonar Baba? Yaushe ka ga ganyen da aka dasa shi ne ya yi zangarniya? Ai sai ya bushe tukuna." Ita a gonar ta tashi.

A wata na huɗu ƙananan ƙuraje suka fito, a ƙarƙashinsu siraran gashi. Tsakiyar kai ta fi goshi jinkiri, wannan ma an faɗa mini. Wata na takwas wurin ya yi duhu. Sai da na cika wata goma sha huɗu sannan hoton wata bai ƙara bambanta da na wanda ya gabace shi ba.

Ga gaskiyar abin da na samu. In kana tsaye kusa da ni a ɗaki ba za ka ce an taɓa yin fili a wurin ba. In na tsaya a rana tsaka, ko gashin ya jiƙe, fata na leƙowa. Bai koma na ɗan shekara ashirin ba, likitan ma bai ce zai koma ba. Ƙeyata ta yi wata biyar a dushe, in na taɓa kamar ba tawa ba, sannan ta dawo. Askin ƙwal da aska ya ƙare mini, domin in aka kankare sai fararen ɗige-ɗige su bayyana. Wanzamina da ya shekara talatin yana bin kaina da aska, jikansa ne yanzu ke yi mini da inji, shi yana zaune yana nuna masa inda zai tsaya. Magani kuma ina kai har yau, kuɗinsa na fita duk wata, domin dashen bai hana sauran gashin asali bin hanyarsa ba. Goshina na ja da baya sannu sannu. Akwai sauran wajen dubu uku a ƙeya, ban taɓa su ba.

Hula ina sawa kamar kowa. In zafi ya yi a shago in cire in ɗora a gwiwa.

Watan jiya ɗan yayata ya zo, shekararsa 24, yana karatu a jami'ar Marwa. Ya jira masu sayayya suka fita, ya ce, "Kawu, ina son lambar wurin da ka je." Na sa ya sunkuya. Tsakiyar ta fara haske, amma gashin na nan da yawa, sirara ne kawai. Ya riga ya sami wani a Facebook da ya yi masa alkawarin dashe 4,500 da rangwame in ya biya kafin ƙarshen wata, yana shirin sayar da babur ɗinsa. Na ba shi labarin wani da na gani a Laleli, yaro kamarsa, an kwashe masa ƙeya ta koma kamar tabarmar da gara ta ci, gaba kuma bai rufu ba, ba sauran abin da za a gyara da shi. Na ce a shekarunsa ba wanda ya san inda sanƙon zai tsaya. Ban ba shi lambar ba. Na biya masa kuɗin mota da na ganin likitan fata, na ce ya tambaye ta duk abin da ke ransa game da ƙwayar, kada ya yi irin tawa. Ransa bai so ba, na gani a fuskarsa, irin fuskar da na fito da ita daga ofishin likitan nan a 2019. Ya dai karɓi kuɗin. Hoton wata na farko ya shigo wayata shekaranjiya, an ɗauka a tsakar gida da hasken safe kamar yadda na ce, kuma babur ɗin na nan.